Na Goyi Mama Shen Zuwa Lambun Mahaifinta

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Ranar Lahadi a Islamiyya, a shagon kayan miya na Wendover, har a wurin sunan jikar Hajiya Balki, tambayar ɗaya ce: "Hauwa, yaya China?" Hajiya Balki kuwa, da yake 'yar zangon Kumasi ce ba ta ɓoye abin da ke ranta, cewa ta yi, "Ke da kika je kyauta, ko ɗankwali ba ki riƙo mana ba, sai rama kika kwaso." Gaskiyarta, na rame. Duk wadda ta tambaye ni nakan ce alhamdulillahi in wuce, don labarin ba na tsaye ba ne. Yau na zauna zan ba da shi sau ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Ga wadda ba ta sani ba, aikina a nan Amurka kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara uku ke nan ina wurin wata tsohuwa 'yar China a Sedgefield, ina ce mata Mama Shen. Ta haura tamanin. Kafin ta yi ritaya malama ce, tana koyar da zanen gini da tarihin lambunan ƙasarsu. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta sai a keken guragu, mantuwa kuma ta fara shigarta. Takan manta ta karya kumallo, amma ta lissafa miki bishiyoyin gidan mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Ɗa ɗaya gare ta, David, ni Dauda nake ce masa kuma yana amsawa.

Shi ya same ni a kicin wata safiya ya ce, "Hauwa, Mama na son zuwa Suzhou, garinsu, ta ga ƙanwarta. Likita ya ce in za a yi, a yi bana. Ni ba zan iya yi mata wanka ba, ita kuma ba ta yarda da kowa sai ke."

Sai ranar na san tana da ƙanwa. Shekara uku ina canza mata kaya ba ta taɓa ambatarta ba. Na kai wa maigidana Malam Isa maganar, ya ce, "Zumunci za ta sada. Ki je, ni da yara za mu lallaɓa."

Daga nan ƙaramin jirgi muka hau zuwa babban filin jirgi, muka yi zaman jira har bayana ya ƙage, sannan muka shiga wanda zai tsallake da mu. Ku masu kukan nisan Kano da Accra, ku gode wa Allah. Rana ta ƙi faɗuwa, na rasa azahar na rasa la'asar, na yi ta sallah a zaune da kintace. Kai tsohuwa bayi a jirgi kuwa wani jihadi ne. Wurin bai fi akurkin kaji ba, mu biyu a ciki, ƙofa ba ta rufuwa, mutane a layi suna kau da kai.

A jirgin ne ta ba ni darasin farko. Dauda ya yi barci, ita ta kasa. Ta karɓi birona ta jawo jakar takardar nan da ake ba mai jin amai, ta zana babbar da'ira a bayanta.

"Wannan lambun sarakunan farko ne," ta ce. "Daji guda ake kewayewa, sarki yana farauta a ciki. A haƙa tafki kamar teku, a sa tsibirai uku a tsakiya. Sai mutum ya yi kwanaki a kan doki bai zagaye shi ba."

Ta zana wani ƙarami a gefe. "Daga baya malamai da suka gaji da aikin fada suka koma bayan gari suka yi nasu. Fili ne buɗe, ga ruwa, ga itatuwan marmari, ga kunyoyin ganye, rumfa ɗaya ko biyu. Kina tsaye a bakin ƙofa kina hango ƙarshensa."

Na ukun ɗan mitsitsi ne, ta cika shi da layuka karkatattu. "Sai birni ya cika, ƙasa ta yi tsada, lambu ya shigo tsakanin gidaje ya tsuke. Masu shi suka koma dabara. Katanga a nan, baranda mai lanƙwasa a can, tulin duwatsu a gaban ƙofa don kada ido ya wuce. Ɗakuna suka yawaita, fili ya ragu. Wurin kaɗan ne, amma sai ki yini kina yawo ki ɗauka gari ne."

Na ce, "Sai na huɗu, Mama?"

Ta miƙo mini birona. "Na huɗu ban taɓa koyar da shi ba."

A Shanghai wahala ta tare mu tun kafin mu ga waje. Kare ya zo ya zauna a kan jakata. Kilishin da Malam Isa ya ɓata yini biyu yana yi mini don kada yunwa ta kashe ni, jami'i ya ɗaga shi da yatsu biyu cikin safar hannu ya jefa a shara, ya ba ni takarda in sa hannu. Da muka zo wurin buga fasfo, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi nawa. Shekaru ina fama da bilic da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, zanen yatsuna ya goge. Aka janye ni gefe ana ta tambayata me ya haɗa mai fasfon Najeriya da iyali 'yan Amurka. Ina jiyo Mama Shen can ƙetaren gilashi tana ƙwala kiran sunana kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa. Da ƙyar aka sake ni. Muka je ɗaukar kaya kuma muka tarar an lanƙwasa ƙafar kekenta ɗaya. Har muka dawo, in na tura shi gaba sai ya ja hagu.

Jirgin ƙasa ya kai mu Suzhou kafin shayin da na saya ya huce. Otal ɗin tsaf yake, ba ni da abin cewa, sai dai ba buta, gorar ruwa na yanke wa baki. In kin nemi ruwan sha na zafi za a kawo miki, ko da gumi kike. Gaisuwa ba su da ita irin tamu. Ba ina kwana ba ina gajiya, tambaya ɗaya ce, "Kin ci abinci?" Kallo kuwa na sha shi. Wata mata a lif ta kama hannuna ta murza da yatsa ta duba yatsan, ba da mugunta ba, tana ma murmushi.

Abinci ya wahalar da ni. Alade a miya, alade a cikin burodi, ganyen ma da kitsensa aka soya. Kifi kuma sai sun zuba masa sukari. Kwana biyu dafaffen ƙwai da jiƙaƙƙen gari nake ci. A rana ta uku na hango rubutun Larabci a saman wani ɗan shago. Na leƙa, sai ga mace da ɗankwali ta rufe kai. Na yi sallama ta amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Mijinta yana jan taliya da hannu, ta zubo mini da romon naman sa. Wallahi ina ci hawaye na zuba. Ba ta jin Turanci, ba na jin nasu, amma da na ɗaga hannuwa na nuna kabbara sai ta ja ni bayan buhunan fulawa ta shimfiɗa mini darduma. Na fuskanci gabas kamar yadda na saba, ta kama kafaɗuna ta juya ni. A can alƙibla yamma take.

Na ɗauka muna isa za mu wuce wurin ƙanwar. Mama Shen ta ce a'a, sai ta nuna wa ɗanta lambu tukuna. Yanzu na gane tsoro ne ya sa take jan ƙafa.

Muka je ɗaya daga cikin tsofaffin lambunan da gwamnati ta gyara ake shiga da tikiti. Tun a ƙofa keke ya ƙare aiki. Kowace ƙofa tana da dokin ƙofa mai tsayi har ƙwauri, hanyoyin kuma tsakuwa ce aka jera, ga matakala, ga gadoji 'yan sirara masu gwiwa-gwiwa. Dauda ya gwada ɗaukarta a hannu, ta yi ƙara, ya sauke. Ta zauna tana kallon ƙofar kamar an rufe mata ita a fuska. Ban yi shawara da kowa ba na durƙusa na ce, "Mama, hau." Na ciro zanen da nake yawo da shi a jaka na ɗaure ta a bayana kamar yadda na goyi 'ya'yana huɗu. Ba ta fi buhun shinkafa nauyi ba.

Haka muka shiga, tana nuna hanya ta saman kafaɗata, mutane suna ta ɗaukarmu hoto. Muna tsallake ƙofa sai ga bango fari da dutse a gabansa, ba a ganin komai. Muka bi wani lungu mai duhu da har na fara tsarguwa, muna karya kwana sai ga ruwa da gora da rumfa mai rufi kamar fiffike. A jikin katangar baranda akwai tagogi, kowacce da irin zanenta, kowacce kuma abin da take nuna miki daban ne. Wata ƙofar zagayayya ce kamar faifai. Sau uku muna wucewa ta gefen tafki ɗaya ban gane shi ba ne sai da ta gaya mini.

Na ce, "Mama, ai wannan gidan kakana ne a Zariya. Ki shiga zaure, ki karya ki shiga wani, ki sake karyawa, sannan ki ga tsakar gida. Ƙofa ba ta kallon ƙofa."

Ta buga kafaɗata don murna. "Don me kuke yin haka?"

"Don sutura. Kada baƙo ya ga matan gida."

"Mu don kada mai gida ya ga ƙanƙantar abin da ya mallaka," ta ce. "A da, mai lambu duniya yake kallo daga rumfarsa. Da tafiya ta yi nisa sai ya koma yana ɓuya daga gare ta."

Ranar ban ga alamar mantuwa a tare da ita ba ko kaɗan. Har wasu ɗalibai suka biyo mu suna sauraro.

Washegari ta ce a kai ta gidansu. Mai tasi ya sauke mu a bakin wani lungu da mota ba ta shiga. Na sake goya ta. Ta ce dama, ta ce hagu, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, har muka tsaya a wata ƙofar ƙarfe a buɗe. Ciki filin siminti ne cike da babura masu caji. Gefe guda ɗakuna ne a manne da juna, wayoyin wuta a cukurkuɗe, shanya ko'ina, wata tsohuwa tana wanke ganye a bakin famfo. Ban ga bishiya ko ɗaya ba. A jikin wani bango dai akwai taga irin ta jiya, mai zanen fure, an toshe ta da bulo ta baya.

Ta ce in sauke ta. Na zaunar da ita a kan wani benci.

"Ga na huɗun," ta ce. "Nan da baburan suke, tafki ne. Waccan baranda ce, aka yanka ta ɗaki-ɗaki. Da hukuma ta karɓe gidan, iyali goma sha wani abu aka zuba a ciki, kowa ya ja katangarsa, mu aka bar mana ɗakin ajiyar tukwanen fure. Wannan ban yi kuka da shi ba, mutanen ba su da wurin kwana. Amma daga baya zamanin tashin hankali ya zo, aka ce duwatsun da tafkin kayan masu zaluntar talaka ne. Aka ba mahaifina guduma ya fasa su da hannunsa, ya cike tafkin da su."

Dauda ya ce, "Mama, kin taɓa gaya mini wannan."

"Ban gaya maka sauran ba. Ina jami'a a wani gari lokacin. Aka ce ɗan irin wannan gida ko ya rubuta ya barranta da ubansa, ko a kore shi. Na rubuta. Na ce ni ba 'yarsa ba ce, ba ni ba gidan nan. Aka kawo takardar aka karanta masa a nan, gaban maƙwabta, Meilan tana riƙe da shi kada ya faɗi. A sanyin shekarar ya mutu. Ban zo ba."

Meilan ita ce ƙanwar. Dauda ya juya mana baya ya tsaya yana kallon babura. Ni kuwa na gyara mata hular sanyinta.

Ɗan Meilan ne ya yarda da ziyarar a waya, ba uwarsa ba. Wannan ma sai daga baya na sani. Suna zaune a bayan gari cikin dogayen benayen nan masu kama ɗaya, can sama kusa da gajimare. Da safe Mama Shen ta sa na ciro mata wata shuɗiyar riga ta siliki, na taje mata kai sau biyu. A tasi bakinta na ta motsi, tana maimaita abin da za ta faɗa. A bakin ƙofa ta ce ba za ta shiga a keke ba, muka riƙe ta ni da Dauda ta taka da ƙafarta.

Da Meilan ta fito sai na ga kamar Mama Shen ce. Fuskar ɗaya ce, sai dai ita a miƙe take, hannuwanta duk jijiya. Ba runguma, ba kuka. Ta nuna mana kujeru, ta zuba shayi, ta ɗauki wuƙa tana fere tuffa. Dauda yana fassara mini a hankali da ɗan abin da ya tsinta na yarensu a gida. Ta tambaye shi aikinsa, ta tambayi 'ya'yansa, ta ce ya yi kama da kakansa ta goshi. Yayarta ko kallo ba ta ishe ta ba. Can ta nuna ni da wuƙar ta yi tambaya, ya ba ta amsa. Ta daɗe tana dubana, sannan ta yi magana.

"Ta ce ta san aikinki," in ji Dauda. "Ita ta yi wa mahaifinsu wanka da kwasar kashi har ya cika, tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ta ce ki riƙa kula da bayanki."

Sai kawai na ga Mama Shen ta zame daga kujera. Na zabura na ɗauka faɗuwa ta yi, ta ture hannuna. Durƙusawa ta yi, matar da gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa sai da kuka. Ta sa goshi kusa da silifas ɗin ƙanwarta ta yi ta magana. Meilan ta ajiye wuƙar. Ta saurara har ƙarshe, ta ba da amsa gajeriya cikin sanyin murya, ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Dauda bai fassara ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

Ni na ɗaga ta daga ƙasa. Muna jiran lif ɗan Meilan ya biyo mu da jakar tsarabar da muka kawo, ya rataya ta a hannun keken yana ta sunkuyar da kai.

Sai a tasi na ce, "Dauda, me ta ce?"

Ya ce, "Cewa ta yi, 'Malama, tashi, ƙasa da sanyi. Ni ban riƙe ki da komai ba. Wadda ta yi abin nan ta rubuta da hannunta cewa ba 'yar gidanmu ba ce, mu kuma muka yarda. Ke baƙuwa ce daga Amurka. Kin sha shayi, na gode da ziyara.'"

'Yan uwa, da a gida ne da an sami wata gwaggo ko limamin unguwa ya shiga tsakani, a yi ta don Allah don Annabi har zuciya ta yi laushi. A can ba kowa. Ni da nake da bakin roƙo ba ni da yaren. Kuma in gaya muku gaskiya, da na tuna yarinya 'yar sha bakwai ita kaɗai da gawar ubanta a ɗakin tukwane, ban san ko da yaren zan iya buɗe baki ba.

Sauran kwanakin a otal muka yi su. Ta ƙi abinci sai ruwan zafi. A jirgin dawowa zazzaɓi ya rufe ta tun muna sama, daga filin jirgi asibiti muka wuce da ita. Ta yi mako biyu. Da aka sallamo ta jikin ya dawo, amma mantuwar ta yi tsalle ta cinye wata guda cur. Tafiyar gaba ɗaya ta fita daga kanta.

Ranar da na koma aiki na tarar da ita a bakin taga tana jirana, ido na ƙyalli. Ta ce, "Hauwa, yaushe ne tafiyarmu? Kin karɓo bizarki?"

Ni ba na son ƙarya, ko ga tsohuwa mai mantuwa. Na zauna na riƙe hannunta na ce, "Mama, ai mun je mun dawo." Ta ce to me Meilan ta ce. Na yi ta kewaye-kewaye, amma malama ce, ta tatse ni tas. Kukan da ba ta yi a can ba ranar ta yi shi, har numfashinta na sarƙewa, sai da na kira Dauda daga ofis. Washegari da safe na shigo da fargaba, ta dube ni da fara'a ta ce, "Hauwa, yaushe ne tafiyarmu?"

Tun daga ranar ban sake gaya mata ba. Na tambayi Malam Isa hukuncin, ya ce in nemi kalmar da ba ƙarya ba in tsaya a kanta. Don haka kullum in ta tambaya nakan ce, "Sai yadda Allah ya yi, Mama." Takan gyaɗa kai ta ce in zauna in ji abin da za ta faɗa wa ƙanwarta, ta faɗe shi da yarensu, ta juya mini da Turanci, ta tambaye ni ko ya yi tsawo. Nakan ce bai yi ba.

Jiya ta ce in ciro mata shuɗiyar rigar in goge, kada Meilan ta gan ta a yamutse. Na goge, na rataye mata ita a jikin ƙofa inda za ta riƙa gani.